Takwarar 'Yar Barira

To, ku matso da farantanku nan kusa, hannu na tsintar shinkafa, kunne na nasa aikin. Ga wata nan ta zo muku, sai dai wannan babu kura a ciki babu zomo, mutane ne irina irinku. Ku da kuke karatun jinya ku na fi so ku ji, don idan na gama akwai shari'ar da za ku yanke, kuma ba wadda za ta tashi sai ta faɗi nata. Sunayen da za ku ji duk na aro ne, har na garin. Wadda ta ga kamar ta gane wata, ta haɗiye abinta. Na yi aikin asibiti har furfura ta rufe ni ban taɓa tona mai jinya ba, ba kuwa zan fara yau a kan shinkafar biki ba.

Barira 'yar Gangaren Kuka ce, aure ya kai ta birni. Mijinta Nafi'u tela ne, mutum mai raha, irin wanda zai ce miki ɗinkinki sai gobe, goben ta ƙi zuwa, kuma ki kasa yin fushi da shi. Su biyun suna ɗauke da ƙwayar cutar nan mai karya garkuwar jiki, wadda mutane ke kira ƙanjamau suna rage murya. Kada wata ta tambaye ni inda suka samo ta. Wanda zazzaɓi ya kama ba a tambayarsa sauron wane gida ne ya cije shi. Sun san halin da suke ciki, sun rungumi ƙaddara, kullum bayan magariba kowa ya haɗiyi ƙwayarsa suna tsokanar juna. Barira har ƙiba ta yi, fata luwai-luwai, ba wanda zai gan ta ya ce ta san hanyar asibiti.

Sai Allah ya kawo ciki, na fari. Murna ta zo, tsoro ya biyo ta. A asibiti aka yi mata bayani dalla-dalla: idan ta riƙe maganinta ba fashi, sannan aka ɗiga wa jaririn wani maganin ruwa ba da daɗewa ba bayan ya faɗo, to da yardar Allah zai tsira daga cutar. Magana mai sauƙi a birni. Amma kun san al'adarmu, mai cikin fari gida take komawa goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jego sannan a maido ta. Uwar Barira kuwa, Inna Kulu, ita ce mai wainar bakin kasuwar Gangaren Kuka, rabin garin a hannunta suke karya kumallo. Barira ta san garinsu sarai. Tana yarinya aka taɓa yi wa wata mai fura irin wannan zargi, ba a ma tabbatar ba, amma ƙudaje kaɗai suka rage mata abokan ciniki. Saboda haka ta ƙudurta a ranta cewa ɗanta zai fito lafiya, kuma ba mahaluƙin da zai ji komai a garinsu. Yadda za a haɗa waɗannan biyun, nan mata uku suka shigo.

Ta farko ita ce Sista Hansatu, wadda ke ba Barira magani a asibitin birni. Doguwa ce, ba ta da yawan fara'a, in ta kalle ki ta saman tabarau sai ki tuna duk laifin da kika yi tun kina firamare. Amma cikinta rijiya ne, abin da ya faɗa ya faɗa ke nan. Kafin a haɗa su, Barira ta taɓa daina zuwa karɓar magani, don wata ma'aikaciya ta ɗaga murya a layi ta kira sunan maganin kowa na ji. Sista Hansatu ce ta bi sawunta har gida kamar mai zuwa barka, ta zauna ta sha ruwa, ta yi mata alkawari cewa maganarta ba za ta fita daga bakinta zuwa kunnen kowa ba sai da izininta, ko da kunnen na likita ne. A kan wannan alkawari Barira ta dawo, kuma ba ta ƙara fashi ba.

Da tafiya goyon ciki ta matso, sai alkawarin ya zama wa Sista Hansatu ƙaya. Asibitin da ya fi kusa da Gangaren Kuka, ungozomar da ke ɗakin haihuwarsa Ramlatu ce, wadda suka yi makarantar jinya tare, kwano ɗaya suke ci. Kira ɗaya a waya ya isa a shirya komai. Sista Hansatu ta nemi izini, Barira ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Sista, Ramlatu fa taubashiyata ce. Bakinta ko rediyo ya san da zamanta. Don Allah ki rufa mini asiri."

Sista Hansatu ta lallashe ta, ta yi faɗa, ta sake lallashi, Barira ta kafe. Sai Sista ta haƙura. Ta haɗa mata maganin da zai ishe ta har ta dawo, sannan ta riƙe hannunta ta ce, "Ni ba zan faɗa ba, na yi alkawari. Amma duk wadda za ta karɓi haihuwarki, ke za ki gaya mata da bakinki kafin yaro ya fito. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maimaita in ji." Sai da Barira ta maimaita kamar mai hadda sannan ta sake ta.

Bayan Barira ta isa gida, Ramlatu da kanta ta kira tsohuwar ƙawarta, tana dariya tana cewa ga taubashiyarta ta zo da tulun ciki, ko akwai abin da ya kamata ta sani. Sista Hansatu ta ce duk mai cikin da ta zo hannunta ta tambaye ta da kanta, haka aka koya musu. Ramlatu ta ji zafin wannan amsa, ta ɗauka girman kan ma'aikatan birni ne, ta daina kiranta. Sista Hansatu kuwa ta shiga damuwa ba kaɗan ba. Ta san idan Barira ta kasa buɗe baki, yaro zai iya kamuwa, kuma shirunta na cikin abin da ya jawo. Duk da haka ba ta ɗaga waya ba.

Ta biyu ita ce Iya Saude, ungozomar gargajiya ta Gangaren Kuka. Gajeriyar tsohuwa ce mai taunar goro, wadda ta yanke cibiyar kusan duk wanda ke garin, har da mai gari, kuma takan tuna masa idan ya cika ɗaga kai. An taɓa tara irinsu a ƙaramar hukuma an koya musu abubuwa, ta dawo da safar hannu a jaka da wasu bayanai a ka. Abin alfaharinta a duniya guda ne: ba ta taɓa cewa wani ciki ya fi ƙarfinta ba.

Wata safiya ta shiga gidan Inna Kulu duba mai ciki, sai ta tarar da rigima. Inna Kulu na shara ta ci karo da robar magani a ƙarƙashin katifa, ga ta riƙe da ita tana faɗa. Wane irin magani ne wannan da ake sha kullum a ɓoye? Ita ta haifi 'ya'yanta da saiwa da kanwa, ba ta san wannan ba. Ta riga ta yafa gyale za ta kai wa mai kemis na bakin kasuwa ya karanta mata. Mai kemis ɗin nan kuwa shagonsa majalisa ce. Barira na zaune bakin gado tana kallon robar.

Iya Saude ta karɓi robar ta juya ta. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san robar, don ba a gidan nan ta fara ganin irinta ba. Ba ta ko dubi Barira ba. Ta tofar da goro ta ce, "Kulu, ke da waina kika sani. Wannan na masu cikin birni ne, kuma ba a fashinsa. Kawo nan, ni zan riƙa ba ta da hannuna, kada ki je ki haɗa mata da kanwa." Ta jefa robar a jaka. Daga ranar, kullum magariba sai ga ta da sandarta, ko ana ruwa, ta ba Barira ƙwaya ɗaya, ta tsaya sai ta ga ta haɗiye, ta ɗan yi mata tsiya a kan girman hancin mijinta, ta tafi. Ba ta taɓa tambayarta komai ba, ba ta taɓa nuna mata ta gane ba. Barira ta sha yin niyyar yi mata magana, tsohuwar sai ta kawo zancen tsadar goro.

Amma Iya Saude ta san akwai maganin ruwan da ake ba irin wannan jariri, kuma babu shi a jakarta. Ta kuma san Inna Kulu ta gama shiri a haihu a ɗaki, an tara itacen wanka har ya kai katanga. Ranar da naƙuda ta tashi da hantsi, mata sun taru a tsakar gida, sai ta shiga ta shafa cikin, ta daɗe tana shafawa, ta fito ta faɗi maganar da ba ta taɓa faɗa ba tun da take.

Ta ce, "Yaron nan a gicciye yake. Ya fi ƙarfina, a nemo mota."

Aka ruga neman mota. Yaro kuwa lafiya lau yake kwance, kansa ƙasa, ita ma ta sani. Da aka je asibiti aka duba aka ce kwanciyarsa daidai take, labari ya riga su dawowa gari cewa hannun Iya Saude ya tsufa. Masu ciki biyu suka koma wurin wata ungozoma a ƙauyen gaba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don sunanta shi ne dukiyarta. Amma duk wanda ya tsokane ta sai ta ce, "To, tsufa ai ba a yi masa rigakafi," ta ci gaba da taunar goronta.

Ta uku ita ce Ramlatu ɗin da ake gudu. Gaskiya Barira ba ta yi mata ƙazafi ba. Ramlatu idan ta fara zance da safe, sai ki ɗora girki ki sauke ba ta kai tsakiya ba. Ta san wanda zai yi aure, ta san wanda aka fasa da shi, ta san dalili. Ga wasan taubasai tsakaninta da Barira tun suna tallan gyaɗa, ba sa haɗuwa sai an yi musu tsakani. Ita aka tarar a bakin aiki ranar. Tana ganin an shigo da Barira ta fara: yau ga baiwarta ta zo hannu, sai ta yi kuka ta kira sunanta za ta taimake ta.

Ta kori su Inna Kulu waje kamar yadda ake yi, ta rufe ƙofa, ta sa safar hannu. Barira na cije leɓe, ga ciwo ga abin da ya fi ciwo. Maganar Sista Hansatu ta dawo mata. Ta kamo rigar Ramlatu ta jawo ta kusa, ta raɗa mata a kunne, sannan ta ce, "Ke kaɗai. Ki rantse ke kaɗai."

A karo na farko a tarihin Gangaren Kuka, Ramlatu ta yi shiru. Idonta ya kawo ruwa, ta share da gefen hannu. Sannan ta ce ba za ta rantse ba. A asibitin nan likita ne ke ba da umarnin maganin jariri, makullin inda ake ajiye shi kuma yana hannun mai ɗakin magani, Malam Isiyaku. Dole mutum biyun nan su ji, kuma yanzu.

Barira ta ce, "Malam Isiyaku? Wanda ke cin wainar Inna duk ranar kasuwa? Ban yarda ba, Ramlatu. Wallahi ban yafe ba."

Ramlatu ta ce, "Kada ki yafe. Ki haihu tukuna, in kin samu ƙarfi ma yi damben."

Ta fita ta bar ta tana kuka. Ta samu likita shi kaɗai ta gaya masa, ba ta ƙara ko kalma a kan abin da aikin ke bukata ba. Ta samu Malam Isiyaku ta ja shi bayan kantar magani ta gaya masa, ta kuma tuna masa cewa ita ce Ramlatu, idan ta ji ko tari a gari ta san inda ya fito, kuma ta san abubuwa game da shi da matarsa ba ta sani ba. Malam Isiyaku ya ce ai ba sai an kai ga haka ba, shi ma ya san aikinsa, ya miƙo magani. Kafin la'asar Barira ta haifi 'ya mace, mai ƙarar murya, aka ɗiga mata maganin a kan lokaci.

Saura kuma dangi, waɗanda ke bakin ƙofa da tambayoyi cike da baki. Nan Ramlatu ta saki bakin nan nata gaba ɗaya. Ta ce jaririya ta ɗebo hancin tela, ta ce Barira ta yi raki har ta kira sunanta sau ba adadi, ta kawo labarin wata mai jego da ta cinye kaza guda ita kaɗai, ta bi ta kan auren da aka fasa a unguwar gabas. Da Inna Kulu ta ga ƙaramar kwalba ta tambaya, sai ta ce ai 'ya'yan yanzu da kwalbarsu suke zuwa, ta ɗora da wani zancen kafin a numfasa. Mata suka yi ta dariya har suka manta abin da suka so tambaya. Ramlatu ta yi surutu a kan komai na duniya a makon nan, ban da abu ɗaya. Barira kuwa ta yi kwanaki ba ta yi mata magana ba, ko kallonta ba ta yi. Ramlatu ta shanye, kullum sai ta zo ta duba kwalbar jaririya ta yi tsiyarta ita kaɗai. Ranar kasuwa na zagayowa, aka ga Malam Isiyaku a bakin tandar Inna Kulu ya ce a ƙaro masa ta biyu, da miya.

Don kada in bar ku da fargaba: an gwada yarinyar daga baya, an sake gwadawa bayan yaye, babu komai a jininta. Tana nan tana gudu tana fasa wa kakarta kwanuka. Inna Kulu har yau ba ta san an yi ba, wainarta kuma sai wanda ya yi sammako.

Amma mu koma jajibirin suna. Nafi'u ya iso daga birni da rago da kayan jaririya da ya ɗinka da kansa, wannan karon a kan lokaci. Mahaifiyarsa ta riga ta samu takwara a gidan yayyensa, Inna Kulu ma haka, don haka ya ce wa Barira suna nata ne, ta zaɓi wadda ta fi yi musu rana a cikin wannan al'amari a mayar mata. Barira, wadda zuciyarta ta riga ta sauko, ta amsa da sauri.

Ta ce a sa Hansatu. Ba don riƙon amanarta ba da tuni ta bar magani, da babu ma wannan zance. Matar nan ta yarda ta ɓata da ƙawarta, ta kwana da fargaba, don kada ta karya alkawari. Nafi'u ya ce haka ne, amma ta tuna shirun nan saura ƙiris ya ja musu, da ita Barira ta kasa magana fa?

Ta ce to a sa Saude. Ba don ita ba da robar magani ta isa majalisar mai kemis, da kuma an haihu a ɗaki babu maganin jariri. Tsohuwar ta zubar da sunan da ta tara tun ƙuruciya, ba wanda ya roƙe ta, ba ta ma nemi a san ta yi ba. Nafi'u ya ce wannan gaskiya ne, sai dai da ƙarya ta yi aikinta, kuma iyakarta bakin ƙofar asibiti.

Ta ce to Ramlatu. Ita ce ta sa magani a bakin yarinya, ita ce ta toshe bakin dangi da nata bakin, ta kuma ɗauki fushin 'yar'uwarta a ka. Nafi'u ya yi dariya ya ce ai ita ce kaɗai a cikinsu da aka ce kada ta faɗa ta faɗa, kuma da Malam Isiyaku ya zama wani iri, da yanzu wani labarin ake yi.

Suka yi ta juya magana har aka kira sallah, rago na kuka a waje, liman kuma na jiran a gaya masa abin da zai raɗa da safe. Yarinya ɗaya ce, suna ɗaya za ta ɗauka. Sunan da aka sa na san shi, amma ba za ku ji daga bakina ba sai kun faɗi naku, kowace da hujjarta. Ku ajiye farantan haka nan, shinkafa ba za ta gudu ba.

To, tsakanin wadda aka tambaya ta ƙi faɗa, da wadda ta gane ta yi kamar ba ta gane ba, da wadda aka hana amma ta faɗa, wace ce ta fi cancanta a yi mata takwara?